Ajiyar Hotuna da Bidiyo a Cikin Gida: Kafa Akwatin NAS a Gari Irin Mubi

NAS ƙaramar kwamfuta ce da ba ta buƙatar allo ko madannai, aikinta kuma ɗaya ne: ta riƙe fayiloli, ta miƙa su ga duk na'urar da ke kan sadarwar gidan. A cikinta akwai faifan ajiya ɗaya ko biyu ko fiye, kebul ne kuma ke haɗa ta da rauta. Wayar maigida da ta uwargida, da laftof ɗin ɗalibi, da talabijin ɗin falo, kowanne na iya shiga ya ɗauko abu ko ya ajiye, ba sai an zare memori daga wannan waya an cusa a waccan ba. Wannan zirga-zirgar ba ta bi ta intanet. Ko da babu layi a cikin rauta, babu data ko ta sisin kwabo, fim zai taso daga akwatin ya isa talabijin, domin hanyar da ya bi ba ta wuce katangar gidan ba.

A nan amfaninsa yake ga mutumin Mubi. Tun kafin a san sunan NAS a garin, mutane sun saba musayar fayiloli hannu da hannu: ana zuwa wurin masu turi a cika memori da fina-finan Kannywood da fassarar Indiya da waƙoƙi, ana tura wa'azi da tafsirin azumi ta Xender ko Bluetooth, ɗaliban Jami'ar Jihar Adamawa da na Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Tarayya suna miƙa wa juna littattafai da takardun darasi a filas. Ɗan kasuwar shanu yana ɗaukar hoton dabba da na rasit, mai hoto yana tara bidiyon biki da suna. Kusan duk wannan yana zaune ne a wuri guda, wato cikin waya, ita kuwa waya ana sace ta, tana faɗawa ruwa, allonta na mutuwa, mai gyara kuma yakan wanke ta tas kafin ta dawo aiki.

Maganin da kamfanonin waya suke nuna wa mutane shi ne ajiyar intanet, amma lissafinta bai cika dacewa da aljihun wannan yanki ba. Google na ba kowane asusu gigabayit 15 kyauta, kuma Gmail da Drive da Photos duk daga ciki suke ci. Daga ranar 1 ga Yunin 2021 kamfanin ya daina karɓar hotuna kyauta ba iyaka, daga farkon 2024 kuma kwafin WhatsApp na wayoyin Android ya shiga cikin wannan lissafin. Wanda ya cika nasa sai ya biya duk wata, ga kuɗin datar da zai ɗora kayan da ita, ga wadda zai sauke su da ita. A Janairun 2025 Hukumar Sadarwa ta Ƙasa, NCC, ta amince wa kamfanoni su ƙara kuɗin kira da na data da abin da ya kai kashi 50 cikin ɗari. Ko mai kuɗin ma ba kullum hanya ke buɗe masa ba: a ranar 14 ga Maris 2024 manyan kebul na ƙarƙashin teku da ke gaɓar Afirka ta Yamma sun katse, intanet ya yi rauni a ƙasashe da dama na kwanaki.

Dabarar NAS ba sabuwa ba ce. IBM ne ya fito da faifan ajiya na farko a 1956, girmansa ya ɗara firji, abin da yake ɗauka kuwa bai kai megabayit biyar ba, wato hoton waya ɗaya na yau. A shekarun 1980 aka ƙirƙiro ƙa'idojin raba fayiloli tsakanin kwamfutoci, SMB a IBM da NFS a kamfanin Sun, a 1992 kuma Andrew Tridgell na Ostareliya ya saki manhajar Samba, wadda ta ba kwamfutocin Linux damar magana da na Windows. Kusan kowane akwatin NAS na gida har yau da ita yake aiki.

Kafin a sayi komai ana fara raba kayan gida kashi biyu, kuma wannan rabon ya fi zaɓen na'ura muhimmanci. Akwai abin da in ya ɓace za a same shi a wani wuri: fina-finai, waƙoƙi, karatun malaman da ya yaɗu ko'ina. Akwai kuma abin da babu shi a ko'ina sai gidan: hoton mahaifin da ya rasu, bidiyon ɗaurin aure, hoton takardar fili da ta gado, takardun shaidar karatu, kundin binciken ɗalibi, lissafin bashi na ɗan kasuwa. Kashi na farko shi ke cinye wuri, na biyu shi ke sa kuka. A yawancin gidaje na biyun bai fi gigabayit ɗari ko biyu ba, saboda haka kare shi da kwafi uku ba shi da tsada, alhali ƙoƙarin yi wa tarin fina-finai irin wannan gata ɓarnar kuɗi ce. Hoton waya ɗaya yakan kai megabayit uku zuwa biyar, faifai mai terabayit biyu zai ɗauki wajen rabin miliyan. Bidiyo ne babban maciyi: awa ɗaya da waya ta ɗauka a ingancin 1080p tana cin gigabayit bakwai ko takwas, a 4K kuwa ta haura ashirin. Gida na yau da kullum terabayit biyu zuwa huɗu sun ishe shi na shekaru. Mai ɗaukar bidiyon biki kuwa zai cika su cikin 'yan watanni. Wanda ya sayi faifai mai terabayit ɗaya ya ga Windows ta nuna masa 931 kada ya koma wa mai shago da faɗa. Masu ƙera faifai suna ƙirga dubu-dubu ne, ita kuwa tana ƙirga 1024.

Hanya mafi arha ta kafa NAS ita ce a duba bayan rauta. Wasu suna da ramin USB da za a soka faifai ya bayyana ga duk gidan. Tana aiki, amma a hankali, kuma ba ta da tsarin yin kwafi da kanta, ƙananan MiFi na aljihu ma galibi ba su da wannan damar. Ta ishi wanda ke son gwadawa kawai.

Sama da ita akwai tsohuwar kwamfuta da aka ɗora wa manhaja ta kyauta irin OpenMediaVault ko TrueNAS. A ƙasashen da wuta ba ta yankewa, tsohuwar kwamfutar tebur ita ake fara ba mutum shawara. A Mubi wannan shawarar ba ta da kyau, domin irin wannan kwamfuta tana shan wat 50 ko fiye ko da tana zaune ba ta komai. Tsohon laftof ya fi ta nesa ba kusa ba: yana shan wat goma zuwa sha biyar, kuma batirinsa, ko ya gaji, yana riƙe shi na 'yan mintoci in an ɗauke wuta. Abin lura kawai shi ne batirin da ya fara kumbura saboda zafi, wannan a cire shi. Akwai kuma Raspberry Pi, kwamfuta mai girman tafin hannu da aka fara sayarwa a Ingila a 2012. Daga samfuri na huɗu, wanda ya fito a 2019, tana da ramin kebul mai saurin gigabit da USB 3, kuma ita da ƙaramin faifai ba sa kai wat goma. Tana buƙatar mai haƙurin karatu da gwaji, irin ɗaliban kwamfuta da ba a rasa su a garin.

Na ƙarshe shi ne akwatin da aka ƙera don wannan aikin, irin na Synology da QNAP, kamfanoni biyu na Taiwan. Ana zura faifai biyu, a kunna, a bi umarni ta allon waya. Shi ne mafi sauƙin sarrafawa, shi ne kuma mafi tsada, tun ba bayan faɗuwar darajar naira daga tsakiyar 2023 ba. Ba kasafai ake samunsa a shagon unguwa ba, sai an aika Jimeta, ko titin Beirut a Kano, ko Computer Village da ke Ikeja, kuma ana sayar da shi ne babu faifai a ciki. Mai sana'ar hoto ko shagon buga takardu, wanda ɓatan fayil ke nufin ɓatan abokin ciniki, kuɗin bai yi masa yawa ba. Gida kuwa laftof ko Raspberry Pi sun wadatar.

Faifai iri uku ne. Babba mai inci uku da rabi shi ne mafi arha in aka auna da yawan abin da yake ɗauka, amma yana son wuta mai bolt 12 da mai bolt 5, yana shan wat biyar zuwa takwas, yana kuma fizgar wuta sosai a daƙiƙun da yake tashi. Ƙarami mai inci biyu da rabi, irin na laftof, wutar USB ta ishe shi, sai dai bai wuce terabayit shida ba. SSD ba shi da abin da ke juyawa a ciki, ba ya tsoron girgiza, wutarsa kaɗan ce, amma kuɗinsa ya ninka, kuma in aka ajiye shi shekaru a ɗaki mai zafi ba a kunna ba yana iya fara zubar da abin da ke ciki. Don haka ya dace da aikin yau da kullum, bai dace da ajiyar da za a manta da ita a akwati ba. Cikin masu juyawa ma akwai bambancin da kwali ba ya faɗa da babbar murya: nau'in CMR yana rubutu a layuka daban-daban, nau'in SMR yana ɗora layi bisa gefen layi don ya ƙara wuri, sai ya yi nauyi in rubutu ya yi yawa. A 2020 an yi ce-ce-ku-ce da aka gano Western Digital na sa SMR a wasu faya-fayan WD Red ba tare da ya bayyana ba. Ga akwati mai faifai biyu, CMR ake nema.

Faifan hannu, wanda aka ciro daga kwamfutocin Beljiyam, ya cika kasuwa kuma yana da arha. Kowane faifai yana riƙe da tarihin kansa a wani tsari da ake kira SMART, manhaja irin CrystalDiskInfo kuma tana nuna awa nawa ya yi yana aiki da gurbi nawa ya lalace a jikinsa. Wanda ya nuna lalatattun gurabe a bar wa mai shi. Filas da memori na jabu ma sun yi yawa: a jiki an rubuta gigabayit 128, a ciki bai fi takwas ba, yana karɓar fayil kamar gaske sai ranar buɗewa a tarar babu komai. H2testw tana tona asirinsu, domin tana cika su ne sannan ta karanta abin da ta rubuta.

Wuta ita ce zuciyar al'amarin a Mubi, kuma yawancin jagororin da aka rubuta a Turai da Amurka ba su ma ambace ta ba. Kamfanin rarraba wuta na Yola, YEDC, shi ke kula da Adamawa da Taraba da Borno da Yobe, amma wutar da yake rabawa daga nesa take zuwa, ta Jos da Gombe. A 2024 da aka lalata turakun babban layin Jos zuwa Gombe, jihohin arewa maso gabas sun yi makonni cikin duhu. Ko a ranakun lafiya, a kawo a ɗauke shi ne al'ada. Faifan da ke cikin rubutu aka yanke masa wuta yana iya barin fayil rabi, yana iya rikita tsarin da ke nuna inda kowane fayil yake. Dawowar wuta da ƙarfi fiye da kima, ko sauyawa daga NEPA zuwa janareta, tana ƙona adafta, wani lokaci har da allon lantarkin faifan. Akwatin da aka soka kai tsaye a soket ɗin bango ba zai yi tsawon rai ba.

Lissafin batir mai sauƙi ne. Akwati mai faifai biyu yana shan wajen wat 20, sau awa 24, ya zama wat-awa 480 a rana. Batir mai bolt 12 da amfiya-awa 100 yana ɗauke da wat-awa 1,200, amma in na ruwa ne ko na jel rabinsa kawai ake ci in ana son ya daɗe, wato 600. Ke nan akwatin da rauta kaɗai sun kusa cinye batir guda, ban da abin da inbata ke sha don kanta. Tsohuwar kwamfutar tebur mai wat 50 za ta nemi 1,200 cur. Raspberry Pi kuwa 240 ko ƙasa da haka. Batirin litiyam nau'in LiFePO4 yana ba da kusan duk abin da ke cikinsa, yana kuma jure zafi fiye da na ruwa, amma kuɗin farko ya fi yawa. Gidan da ya riga ya sa sola sai ya ɗora akwatin a layin inbata, inbatar kuma ta kasance mai fitar da wuta mai santsi, ba irin mai arhar da ke sa fanka gurnani ba. Gidan da ba shi da sola yana iya amfani da ƙaramin batirin ko-ta-kwana mai fitar da bolt 12 da bolt 5 kai tsaye, irin wanda ake sa wa rauta, muddin ƙarfinsa ya kai abin da adaftar akwatin ke nema. UPS na ofis ba ya riƙe wuta na awoyi, amfaninsa dabam ne: in yana da kebul na USB, yana sanar da akwatin cewa wuta ta tafi, akwatin ya kammala rubutu ya kashe kansa cikin tsari.

Akwai kuma tambayar da ba a cika yi ba: dole ne akwatin ya kwana a kunne? A gida, a'a. Yawancin waɗannan na'urori ana iya sa musu lokacin tashi da na kwanciya. In ya tashi da hantsi lokacin da rana ta fara cika batir, ya kwanta bayan isha da awa biyu, buƙatar wuta ta ragu da kusan rabi, wayoyi kuma sun samu isasshen lokacin zuba hotunansu. Kunnawa da kashewa sau ɗaya a rana cikin tsari ba ya cutar da faifai. Yankewar ba-zata sau goma a yini ita ke kashe shi.

Yanayi ma yana da nasa rabon. Daga Maris zuwa Mayu zafin Mubi yana kaiwa digiri 40, ɗaki mai rufin kwano babu silin kuma ya fi waje zafi. Masu ƙera faifai suna sa iyakarsa a wajen digiri 60, amma ya fi daɗewa in yana ƙasa da 45, shi kansa kuma yana ƙara wajen digiri goma a kan zafin ɗakin. Don haka ba a kulle akwatin a kabad, ba a lulluɓe shi da ƙyalle don gudun ƙura, ba a ajiye shi kusa da taga mai fuskantar yamma. Wuri mai inuwa da iska, a kan kanta mai ɗan tsayi da yara da ruwan shara ba sa kai wa, shi ne daidai. Ƙurar hunturu tana toshe fanka da ramukan iska, sai a kashe na'urar a hure ta sau ɗaya ko biyu kafin bazara ta shigo. Da damina kuwa tsawa ce abin tsoro, kuma ba ta wayar wuta kaɗai take shigowa ba. Kebul ɗin sadarwa da aka ja ta sama daga wani sashe na gida zuwa wani, ko daga gida zuwa shago, hanya ce gare ta. In hadari ya haɗo, zare kebul ya fi kowace na'urar kariya tabbas.

Haɗin akwatin da rauta kullum da kebul ake yi, ba da Wi-Fi ba. Kebul nau'in Cat5e ko Cat6 yana kai mita ɗari. Ramin da ke da saurin gigabit yana wuce da megabayit 110 a daƙiƙa, wanda ya tsaya a megabit ɗari kuwa sha ɗaya kawai, kuma rautoci masu arha da yawa a nan suka tsaya. Bambancin ba ƙarami ba ne: kwashe terabayit ɗaya awa biyu da rabi ne a na farko, yini da kwana a na biyu. In ramukan rauta ba su da sauri, ƙaramar na'urar rarraba kebul mai gigabit tana gyara lamarin tsakanin akwatin da kwamfuta. Ana kuma sa rauta ta ware wa akwatin adireshi tsayayye, in ba haka ba duk ɗaukewar wuta adireshin na iya sauyawa, wayoyi su neme shi su rasa. A babban gida mai sassa, bangon bulo yana cinye Wi-Fi, sai a ja kebul zuwa wancan sashen a sa rauta ta biyu.

A ɓangaren manhaja, SMB ake kunnawa, domin Windows da Android da iPhone duk suna jin yarenta. Kowane mutum a buɗe masa asusunsa da kalmar sirrinsa, a kuma raba jakunkuna: ta fina-finai da karatu kowa ya gani amma ba kowa ke iya gogewa ba, ta takardun gida maigida da wanda ya amince wa, hotunan kowace mace a jakar da ita kaɗai ke buɗewa. A gidan da ke da mata fiye da ɗaya, da 'yan mata, da samari, da baƙin da ake ba kalmar sirrin Wi-Fi, wannan rabo ba ƙawa ba ne, shi ne sharaɗin da zai sa mutanen gidan su yarda su zuba hotunansu. Baƙo a ɗora shi a kan Wi-Fi na baƙi, wanda ba ya ganin akwatin. Don kallo, VLC tana buɗe jakar SMB kai tsaye a waya ko talabijin, Jellyfin da Kodi kuma suna jera fina-finai da kyau. Jellyfin kyauta ce kuma ba ta neman intanet kafin a shiga. Don kwashe hotunan waya, Syncthing ko manhajar da kamfanin akwatin ya bayar tana yi da kanta duk lokacin da wayar ta shigo Wi-Fi na gida. A tabbata an saita ta yadda goge hoto a waya ba zai goge shi a akwati ba, kuma a sa jakar WhatsApp cikin lissafi, tunda yawancin hotunan dangi ta nan suke shigowa.

Sai batun da ya fi ruɗar masu farawa. A 1988 wasu masana uku na Jami'ar Kalifoniya da ke Berkeley, David Patterson da Garth Gibson da Randy Katz, suka bayyana tsarin haɗa faya-fayai da yawa su yi aiki kamar ɗaya, suka kira shi RAID. A akwatin gida nau'in da aka fi amfani da shi shi ne RAID 1: duk abin da aka rubuta a faifai ɗaya ana rubuta shi a ɗayan nan take, in ɗaya ya mutu ɗayan ya ci gaba. Mutane da yawa suna ɗaukar wannan a matsayin kwafin ko-ta-kwana. Ba shi ba ne. Fayil ɗin da yaro ya goge ya gogu a duka biyun, bairos ta ci duka biyun, tsawa da ɓarawo kuma akwatin gaba ɗaya suke ɗauka. Rumbu biyu ne a tsakar gida ɗaya, gobarar da ta ci wannan ba za ta bar wancan ba. Wanda kuɗinsa bai wuce na faifai biyu ba, ya fi masa ya sa ɗaya a akwati, ɗayan ya zama na waje da ake sokawa a yi kwafi a zare.

Ƙa'idar da aka fi sani, wadda mai ɗaukar hoto ɗan Amurka Peter Krogh ya yaɗa, ita ce 3-2-1: kwafi uku, a kan na'urori iri biyu, ɗaya daga ciki a wajen gida. Mutanen Mubi ba sa buƙatar a yi musu dogon bayani kan sharaɗi na ƙarshe. A ƙarshen Oktoban 2014 da 'yan Boko Haram suka shiga garin, jama'a sun fita da abin da ke jikinsu, wasu zuwa Yola, wasu ta duwatsu zuwa Kamaru, jami'a da kwaleji suka rufe, aka fasa shaguna da gidaje. Da aka ƙwato garin a watan Nuwamba, ba kowa ya tarar da abin da ya bari ba. A Satumban 2024 kuma madatsar ruwan Alau ta ɓalle ta mamaye babban sashe na Maiduguri cikin dare. A irin waɗannan ranaku kwafin da ke maƙwabta bai fi na cikin ɗaki tsira ba. Saboda haka nisan yana da mataki biyu. Faifan da ake kaiwa shago, ko gidan ɗan'uwa a Lokuwa ko Shuware, yana kare mutum daga sata da gobara, ana iya sabunta shi duk mako ko duk wata. Abin da ba a iya maye gurbinsa kuwa ya kamata ya sami kwafi a wani gari, wurin ɗan'uwa a Yola, mai nisan kimanin kilomita 200, ko a Kano, a riƙa musanya faifan duk lokacin da tafiya ta kama. A nan ne kuma gigabayit 15 na kyauta ke da amfani: ba za su ɗauki bidiyo ba, amma za su ɗauki hoton kowace takarda mai muhimmanci da zaɓaɓɓun hotunan iyali.

Faifan da zai bar gida a kulle shi da lambar sirri, da BitLocker ko VeraCrypt ko tsarin da ke cikin akwatin, yadda in ya faɗa hannun wani ba zai karanta komai ba. Akwatin da ke amfani da tsarin fayil na Btrfs ko ZFS yana da wata dama kuma: yana ɗaukar hoton yanayin jakunkuna kowace rana ba tare da cin wuri mai yawa ba, sai a iya komawa ga yadda suke jiya ko makon jiya in an yi kuskuren gogewa. Kwafin da ba a taɓa gwada buɗewa ba kuwa ba a san ko yana nan ba. Bayan 'yan watanni a soka faifan a wata kwamfuta, a buɗe hotuna da bidiyo kaɗan daga tsofaffi da sababbi.

Sha'awar shiga akwatin daga nesa, daga kasuwa ko daga makaranta, ita ce ƙofar da aka fi cutuwa ta cikinta. A Afrilun 2021 manhajar garkuwa da bayanai mai suna Qlocker ta kulle fayilolin masu akwatunan QNAP da ke buɗe ga intanet tana neman kuɗin fansa, a Janairun 2022 DeadBolt ta maimaita. A Yunin 2021 masu tsofaffin akwatunan My Book Live na Western Digital sun wayi gari an share musu komai daga nesa. Abin da ya haɗa su duka shi ne na'urar tana fuskantar intanet kai tsaye. Masu amfani da layin waya a Najeriya suna da wata kariya da ba su nema ba, domin kamfanonin sadarwa galibi suna haɗa masu amfani da yawa a bayan adireshi ɗaya, buɗe ƙofa daga waje ba ya yiwuwa cikin sauƙi. Duk da haka a kashe UPnP, tsarin da ke buɗe ƙofa da kansa, a rauta, a sauya kalmar sirrin da na'ura ta zo da ita, a riƙa sabunta manhaja ko da zai ci data. Wanda lallai yake buƙatar shiga daga nesa ya bi ta ɓoyayyiyar hanya irin WireGuard ko Tailscale, ya kuma tuna cewa duk abin da ya ɗauko ta nan data biyu yake ci, ta gida da ta wayarsa.

Ga masu sana'a akwai ɓangaren doka. Dokar Haƙƙin Mallaka ta 2022 ta shafi kwafin da ake yaɗawa ta na'ura kamar yadda ta shafi faifan CD, kuma ajiye fim a gida don kallon iyali daban yake da tura shi don kuɗi ba da izinin mai shi ba. Dokar Kare Bayanan Jama'a ta 2023 kuma ta ɗora wa mai riƙe bayanan wasu alhakin tsare su. Mai hoton da ke da bidiyon amaren gari, da shagon da ke tara hotunan katin shaida da takardun ɗalibai, suna cikin waɗanda wannan ya shafa, kuma jakar abokan ciniki ba ta zama wadda yaron shago ko mai jiran layi zai iya leƙawa ba.

Faifai mai juyawa ba shi da ranar mutuwa tabbatacciya, wani ya mutu a shekarar farko, wani ya haura goma. A yanayin zafi da yankewar wuta, wanda ya kai shekara huɗu ko biyar ana fara shirin sauya shi, nan take kuma in SMART ya yi gargaɗi ko an fara jin ƙas-ƙas a cikinsa. Faifai biyu da aka saya rana ɗaya daga kwali ɗaya suna iya gajiya a lokaci ɗaya, shi ya sa ake raba lokacin sayensu ko kamfaninsu. Tsohon da aka cire, in za a sayar ko a bayar, a share shi da manhajar da ke rubuta sifili a kan kowane gurbi, domin wankewa ta yau da kullum tana barin hotuna yadda mai neman su zai iya dawo da su. Kalmar sirrin akwatin da lambar buɗe faifan waje kuma a rubuta su a takarda, a ajiye tare da takardun fili da na gado, a sanar da mutum ɗaya amintacce a gidan inda suke. Faifan da aka kulle da VeraCrypt ko BitLocker, in lambar ta tafi da mai ita, babu mai gyara a Mubi ko Kano ko Legas da zai iya buɗe wa magada shi.